Giyabos Ɗin Ƙaramar Tarakta Ya Tsage? Ga Abin Yi Kafin Ka Kira Mai Walda

Ka wayi gari ka tarar da baƙin mai ya kwanta a ƙarƙashin ƙaramar taraktarka. Ka durƙusa ka leƙa, sai ga wani siririn layi a jikin giyabos, mai na tsattsafowa ta cikinsa. To ɗan'uwa, riƙe abu biyu tun yanzu: kada ka tayar da injin, kuma kada ka aiki yaro ya kira maka mai waldar ƙofa da taga.

Ga dalili. Jikin giyabos na tsofaffin taraktocin lambu 'yan Amurka, irin su Cub Cadet da Wheel Horse na shekarun 1960 da 1970, da na yawancin masu taya biyu 'yan Sin da ake gyaran gonar shinkafa da su a fadama, ƙarfen kas ne, wanda ake narkawa a zuba. Ƙarfen ƙofa da rodin gini, kabon ɗin da ke cikinsu bai kai kashi 1 cikin 100 ba, shi ya sa suke lanƙwasuwa. Kas kuwa yana ɗauke da kashi 2 zuwa 4, kuma yawancinsa yana warwatse a cikin ƙarfen, ɓarɓashi-ɓarɓashi, na wannan baƙin abin da ke cikin fensir. Don haka kas ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi. Halinsu ɗaya da tukunyar ƙasa: ka ba shi wuta a gefe guda farat ɗaya, ko ka bar sanyi ya buge shi yana da zafi, sai ya tsage. Mai waldar da bai san haka ba zai ɗauko sandar 6013 ya ja maka layi mai kyan gani, kafin ya gama naɗe wayarsa ka ji "ƙas", sabuwar tsaga ta buɗe a gefen waldar.

Amma yana gyaruwa sarai, in an bi shi a hankali. Ga yadda za ka yi daga gobe da safe.

1. Tsiyaye man ka dube shi. Tura taraktar zuwa shimfiɗaɗɗen wuri, ka tokare tayoyin da itace, ka cire kan batir in tana da shi. Kwance notin ƙasa ka tara man a kwano mai tsabta, ka jefa mayen ƙarfe a ciki ka jujjuya. In garin ƙarfe mai laushi ne kaɗan ya manne, wannan cin yau da kullum ne. In kuwa ka ciro gutsure mai kaifi, ko guntun haƙorin giya, ko ƙwallon boris, to daga ciki matsalar ta taso: wani abu ya karye, ya maƙale tsakanin giya da bango, ya tunkuɗo bangon. Irin wannan dole a buɗe ciki, ko da tsagar ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. In man ya koma fari-fari, ruwa ya shiga. A ƙasashen sanyi ruwan nan yakan daskare ya fasa giyabos. A wajenmu tsatsa yake kawowa ta cinye boris.

Ka kuma tuna abin da ya faru kwanan nan. Ta hau dutse ko kututture? Ta faɗo wajen saukewa daga mota? An ɗaura mata tirelar da ta fi ƙarfinta? In ba ka gano sanadin ba, bayan wata guda za ka sake wannan aikin.

2. Tabbatar kas ne. Ƙananan taraktocin yanka ciyawa na zamani da yawa jikin giyabos ɗinsu alminiyam ne, kuma gyaransa daban. Manna mayen ƙarfe. In bai kama ba, alminiyam ne, sai ka nemi mai waldar alminiyam. In ya kama, ɗan huda wani wuri mai kauri da ba ya aikin komai. Kas baƙin gari yake fitarwa, mai ɓata yatsa. Ƙarfe na yau da kullum kuwa zare-zare yake fitarwa masu murɗewa da ƙyalli. A bakin injin gogar ƙarfe ma ana ganewa: tartsatsin kas gajere ne, ja mai duhu, ba ya nisa.

3. Nemo inda tsagar ta ƙare. Abin da idonka ya gani ba shi ne tsawonta ba. Wanke wurin da kananzir da buroshin waya, ka kankare fenti kamar faɗin yatsu uku a kowane gefe, har ƙarfe ya fito fes. Sai ka sake shafa kananzir, ka bar shi minti goma ya shige, ka goge saman ƙarƙaf da tsumma, ka murza farin alli a duk wurin. Jira kaɗan. Kananzir ɗin da ya ɓuya a cikin tsagar zai dawo ya jiƙa allin, ka ga layi ya fito ɓaro-ɓaro, har da rassan da ba ka san da su ba. Ɗauki hoto da waya, ka yi wa kowane ƙarshe alama da ƙusa da guduma, bugu ɗaya mara ƙarfi.

4. Yanke shawara bisa wurin da tsagar take. Nan ne mutane suka fi yin asara, don haka zauna ka duba sosai.

In tsagar a shimfiɗaɗɗen bango take, ko a ƙasan da mai ke kwanciya, nesa da boris da manyan notuna, kuma ba ta motsi in an girgiza taraktar, yoyo ne kawai damuwarka. Gam ko faci ya ishe ka, ba sai an kawo wuta ba.

In a wurin ɗaukar nauyi take, kamar kunnen da ake ɗaure giyabos da firam, ko gindin inda sandar taya ke fitowa, ko maƙalin garma da tirela, gam ba zai riƙe ba. Sai tagulla ko waldar nikel.

In ta ratsa ta cikin gurbin da boris ke zama, ko jikin ya rabu gida uku ko huɗu, fara da neman wani jikin na hannu. Leƙa wurin masu tsofaffin kayan injin, irin Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Katako a Yamai, ka tafi da hoton da lambar da ke jikin naka. Gurbin boris in ya karkace ko da kaɗan ne, haƙoran giya ba za su ƙara haɗuwa daidai ba, sai kuka da zafi da cin boris. Ana gyara shi, amma sai da masu injin sassaƙar ƙarfe, kuma sau da yawa kuɗin ya fi na sayen wani.

Ni dai a ganina, duk inda gyaran sanyi zai wadatar, kada ka kai kas ga wuta.

5. Huda ƙarshen tsagar. Ko wace hanya ka zaɓa, wannan wajibi ne. Ɗauki bakin huji na milimita 4, ka matsa milimita 3 zuwa 5 gaba da inda ka ga tsagar ta tsaya, ka huda har ya ɓulla. Duk ƙarfin da ke yage ƙarfen a kan tsinin tsagar yake taruwa, zagayayyen rami kuwa yana rarraba shi, sai tafiyar ta tsaya. Kowane reshe da nasa ramin. In ba ka buɗe giyabos ɗin ba, shafa giris a bakin hujin don ya kama garin ƙarfe, kuma ka sassauta hannu in ya kusa ɓulla, kada ka taɓa giya.

6. In gam za ka sa, sayi mai haɗi biyu na ƙarfe, irin J-B Weld ko Devcon, kuma ka zaɓi mai jinkirin bushewa. Mai kamawa cikin minti huɗu ko biyar bai kai shi ƙarfi ba. Yi ɗan kwari a kan layin tsagar, ka kakkarce gefe da gefe da takardar yashi mai kaushi. Babban abokin gabarka a nan shi ne mai, domin kas yana shan sa. Ɗumama wurin kaɗan, za ka ga mai yana fitowa. Goge da tina ko asiton, ka sake ɗumamawa, ka sake gogewa, har farin tsumma ya daina yin baƙi. Ka bari tinar ta bushe sarai, ka kawar da gwangwaninta, kafin ka sake kawo zafi. Sannan ka cakuɗa gam ɗin daidai wa daida, ka danna shi cikin kwarin da ramukan, ka shimfiɗa har ya wuce tsagar da faɗin yatsu biyu. Ka ba shi awa 24 cur kafin mai ya taɓa shi.

7. In tsagar ta yi tsawo, ƙara mata faci. Yanko farantin ƙarfe mai kaurin milimita 3 zuwa 5, a lanƙwasa shi ya bi siffar wurin. A huda shi tare da jikin giyabos, ramukan su yi nesa da tsagar da aƙalla santimita ɗaya da rabi, a yanka zaren noti mai lamba 6, a shafa gam ɗin gaskit a ƙarƙashi, a ɗaure. Auna tsawon notunan tukuna. In ɗaya ya leƙa ciki ya gogi giya, ka jawo wa kanka sabon aiki.

Akwai kuma ɗinki, dabarar da aka fara a filayen haƙar mai na Texas a shekarun 1930, inda kunna wuta kusa da injin haɗari ne. Ana huda rami a kan layin tsagar, a yanka zare, a murɗa noti da gam, a yanke kansa daidai da fuskar ƙarfen. Rami na gaba sai ya ɗan ci gefen notin farko, haka har ƙarshe, kowane noti ya kulle na bayansa. Yana toshe yoyo da kyau a bango mai kauri. Sai dai notin kasuwa ba ya jawo leɓɓan tsagar su haɗu, yakan ma ɗan buɗa su in an matsa. Don haka in ka yi ɗinkin gida, ɗora masa faci a gicciye.

8. In wuta za a sa, kwance komai. Kada ka yarda a yi walda giyabos na rufe. Tururin man da ke ciki yana iya kamawa ya fashe, kuma zafi zai ƙone sil ya lalata boris. Ɗauki hoto a kowane mataki. Jera giyoyi da sanduna a kan kwali yadda suka fito, su kuma siraran wasoshin nan na saiti ka zura su a waya ɗaya bi da bi, don ɓatan guda ɗaya yana canza zaman giya.

Gargaɗi guda, kuma da gaske nake: kada ka wanke wurin da za a yi walda da feshin wanke birki na gwangwani. Wasunsu na ɗauke da sinadarin kulorin, in wutar walda ta taɓa shi sai ya zama iska mai guba da ake kira fosjin, wadda kaɗan daga cikinta ke lalata huhu. Kananzir, sannan ruwan zafi da omo, sannan asiton, sun wadatar.

9. Ƙone man da ƙarfen ya sha, ka yanka kwari. Ɗora jikin giyabos ɗin a saman garwashin gawayi, ba cikin tsakiyar wuta ba, kana jujjuya shi don zafi ya game ko'ina. Zai yi ta hayaƙi. Bar shi har hayaƙin ya ɗauke, ya huce da kansa. Sannan a buɗe tsagar ta zama kwari mai faɗin baki, gindinsa a zagaye ba mai tsini ba, zurfinsa kamar kashi biyu cikin uku na kaurin bangon. Faifan injin goga yana shafe wannan baƙin kabon a fuskar ƙarfen, walda kuma ba ta kama shi da kyau, don haka bayan an yanka ka bi da magagari da buroshin waya har ƙarfe ya yi haske.

10. Tagulla. Ga jikin giyabos, wannan ce hanyar da na fi natsuwa da ita, in ka sami gwanin waldar gas. Sandar tagulla tana narkewa a wajen digiri 900, kas kuwa sai ya kai wajen 1,150 zuwa 1,200. Ke nan kas ɗin ba ya narkewa sam, tagullar ce ke malala ta manne masa, kuma da yake tana da laushi, tana ba da kai in ƙarfen yana hucewa. Tana kuma riƙe mai sosai.

A fara ɗumama jikin gaba ɗaya a kan gawayi, a hankali. Sannan mai walda ya kai bakin wuta kan kwarin har ya yi ja mai duhu, ya tsoma sandar a garin boras ya taɓa. Tsaya kusa ka kalla, abin a bayyane yake. In tagullar ta dunƙule tana gangarawa, zafi bai isa ba ko wurin da datti. In tana tafasa tana fitar da farin hayaƙi, zafi ya yi yawa, tutiyar cikinta ce ke ƙonewa, kuma hayaƙin nan ba na shaƙa ba ne, shi ya sa ake aikin inda iska ke fita. In ta bazu ta jiƙa bangon kwarin sumul, an dace. A fara shafe kwarin duka da siririn shafi, sannan a dawo a cika.

11. Waldar lantarki da sandar nikel. Je da kanka ka sayo sandar, ka karanta kwalin. Abin da kake nema shi ne ENi-CI, mai nikel kusan zalla, wadda ake iya hudawa da gogewa bayan an gama, ko ENiFe-CI, mai nikel wajen kashi 55 cikin 100, wadda ta fi ƙarfi a wuri mai kauri. Suna da tsada, ana ma sayar da su ɗai-ɗai. Akwai mai araha da ake kira ta kas alhali cikinta ƙarfe ne. Waldarta tauri gare ta har bakin huji ba ya cin ta, kuma ta fi saurin tsagewa. In da damina ne, ɗumama sandunan kafin aiki don danshi ya fita.

Hanya biyu ce: ko a riƙe jikin da zafi sosai tun daga farko har ƙarshe, tsakanin digiri 260 da 650, ko a riƙe shi da ɗumi kawai. Ta farko tana son tanda da ma'aunin zafi. Ta biyu ita ce daidai da garejin unguwa, amma ba a fara da ɗaya a koma ɗaya a tsakiyar aiki. Ga yadda ta ɗumi take.

A ɗumama jikin kaɗan, yadda hannu zai iya jurewa. A sa sanda mai milimita 2.5, a rage wuta zuwa wajen amfiya 60 zuwa 80. A ja walda santimita 2 zuwa 3 kawai, a miƙe, ba lilo, a tsaya. Nan take, tun tana da zafi, a bi ta da zagayayyen kan ƙaramar guduma, bugu ƙanana masu yawa. Walda in tana hucewa tsukewa take yi tana jan kas ɗin da ke gefenta, bugun nan kuwa yana shimfiɗa ta ya sassauta jan. A kankare ɓawon, a jira har ka iya ɗora tafin hannunka a gefen wurin ka bar shi. Sai a ja wani guntun a wani sashe na tsagar, ba dab da na farko ba. In tsagar ta fita har bakin ƙarfen, a fara daga rufaffen ƙarshen a nufo buɗaɗɗen. Ramukan da ka huda su ne na ƙarshen cikewa.

Shafin farko yakan fito da ƙananan ramuka saboda ragowar mai. A goge shi a sake, kada a rufe shi da wani. Tsagar da ta kai tsawon tafin hannu tana iya cin rabin yini. Ka gaya wa mai waldar haka tun wajen ciniki, ka biya shi kuɗin lokacinsa, don wanda aka yi wa jinga da araha sauri zai yi.

12. Bar shi ya huce a hankali. Tanadi rabin duro da busasshen yashi ko toka tun kafin a kunna wuta, yashin ma a ɗan ɗumama shi. Ana gamawa a binne jikin gaba ɗaya, a bar shi sai gobe. Ba ruwa, ba fanka, ba ajiyewa a kan siminti mai sanyi. In lokacin hunturu ne, a yi aikin a lungun da iska ba ta kaɗawa, a kare da langa-langa. Kada ka bari kowa ya tono shi da yamma don ya leƙa.

13. Gwada kafin ka haɗa. Murza alli a waje, ka shafa kananzir ta ciki, ka bar shi ya kwana. In allin ya wayi gari fari, gyara ya yi. In ɗan danshi ne a wuri ɗaya ba layi ba, wanke ka toshe da gam. In layi ne, a koma mataki na 5. Ɗora miƙaƙƙiyar rula ta ƙarfe a fuskar da gaskit ke zama ka haska tocila ta baya, ka ga ko haske na wucewa. Gwada boris a gurbinsa: ya kamata ya shiga da ɗan bugu mara ƙarfi. In ya faɗa ciki da kansa, ko ya ƙi shiga sam, kai wa masu injin sassaƙa.

14. Wanke cikin sau biyu, don ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta ci boris. Sa sabon gaskit da sabbin sil. Ɗaura notunan a gicciye, kaɗan-kaɗan, zagaye uku, kada ka ƙara wa sifana bututu. Notin tsiyayar mai in mai tsukakken baki ne, yana shiga yana buɗa ramin, kuma shi kaɗai yana iya tsaga kas. Ya kama, ka ɗan ƙara, ka tsaya. Buɗe ɗan ramin shan iska na saman giyabos in ya toshe da laka. Zuba man da littafin injin ya ce. Masu giyar hannu da yawa lamba 90 suke sha, masu tafiya da matsin mai kuwa nasu daban ne.

Ranar farko ka zagaya da ita ba kaya, ka shiga kowace giya kana saurare. Makon farko ka ba ta aiki mara nauyi, kowace safiya ka murza alli a kan gyaran ka duba kafin ka tayar. Bayan kamar awa 10 na aiki, tsiyaye man ka sake jefa mayen ƙarfe. In a kunnen ɗauri ko maƙalin tirela ta tsage, sa a ƙera maka ƙarfen tallafi da zai kai nauyin ga wasu notuna biyu ko uku na kusa, kuma ka rage lodin tirelar kafin ka sake fita da ita.